Tarihin Manhajar da ke Ɓoye Cikin Kibod

Kowane kibod na kwamfuta, komai arharsa, yana ɗauke da wata 'yar kwamfuta a cikinsa. A ƙarƙashin maɓallan akwai ɗan aisi da injiniyoyi ke kira maikurokwantirola, kuma a cikin aisin akwai manhajar da ke aiki tun daga lokacin da wuta ta shiga kibod har a zare shi. Aikinta shi ne ta riƙa zagaya maɓallan sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, ta gane wanda aka danna da wanda aka saki, ta sanar da kwamfuta. Ita ce manhajar ciki, irin wadda masu gyaran waya ke sabuntawa idan sun ce za su yi wa waya filashin. Shekaru kusan talatin kamfanoni ne kaɗai ke rubuta ta, mai kibod bai ma san da zamanta ba. Daga wajen 2010 ne ta zama aikin da mutum zai iya koya a ɗakinsa, ya haɗa kibod da hannunsa, ya tsara wa kowane maɓalli abin da zai yi.

Tafireta ba ta buƙatar komai irin wannan, domin a cikinta maɓalli da harafi abu ɗaya ne. Christopher Latham Sholes na birnin Milwaukee a Amurka ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1868, kamfanin Remington mai ƙera bindigogi da kekunan ɗinki ya fara sayar da ita a 1874 da jerin haruffan nan na QWERTY. Idan aka danna maɓalli, sandar ƙarfe mai ɗauke da harafin ce ke tashi ta bugi takarda, wanda ke son wani harafi dabam kuwa sai an sake masa ƙarfen. Abin da ya cancanci a riƙe daga wancan zamani shi ne maɓallin Shift, wanda ya zo da Remington mai lamba 2 a 1878. Da shi ne maɓalli guda ya samu ma'ana biyu, ƙaramin baƙi ko babba, gwargwadon ko an danne wani maɓalli tare da shi. Na'urorin aika saƙon tangarahu sun faɗaɗa dabarar. Lambobinsu na bit 5 ne, ba su ba da fiye da alamomi 32, don haka aka ware alama ɗaya mai cewa abin da ke tafe haruffa ne, da wata mai cewa abin da ke tafe alƙaluma ne. Abin da masu haɗa kibod a yau ke kira hawa-hawa daga nan ya samo tushe.

Na'urar Teletype Model 33 ta 1963, wadda kwamfutoci da yawa na lokacin suka dogara da ita, da sandunan ƙarfe take fitar da lambar ASCII ta kowane harafi. A shekarun 1970 aisi ya karɓi wannan aiki. Kamfanin General Instrument ya yi wani mai suna AY-5-2376, wanda ke duba maɓallai ya fitar da lambar harafi kai tsaye daga wani jadawali da aka dasa masa tun a masana'anta. Harafin yana barin kibod a shirye, ba mai iya sauya shi.

A wancan lokacin ne aka daidaita kan yadda ake haɗa wayoyin maɓallai, kuma tsarin bai canja ba. Da kowane maɓalli zai samu wayarsa zuwa aisi, kibod mai maɓallai 104 zai buƙaci aisi mai ƙafafu fiye da 104. Sai aka jera wayoyin kamar zaren tsaye da zaren kwance a masaƙa, aka ɗora makunnin kowane maɓalli a mahaɗar waya biyu. Wayoyin kwance 8 da na tsaye 16 suna ba da mahaɗa 128 da ƙafafu 24 kacal. Aisin yana tura sigina a wayar kwance ta farko, ya saurari duk na tsaye ya ga inda ta ɓulla, ya wuce ta biyu, har ya kai ta ƙarshe ya koma farko. Wannan ragar ita ce zuciyar kowane kibod.

Ragar ta zo da matsaloli biyu da har yau kowane mai rubuta manhajar ciki sai ya fuskanta. Ta farko ita ce fatalwa. Idan aka danne maɓallai uku da ke kusurwa uku na wani murabba'i a cikin ragar, wuta tana bi ta baya ta ɓulla a kusurwa ta huɗu, aisin ya ɗauka an danna maɓallin da ba wanda ya taɓa. Kibod mai arha yana magance wannan a manhaja, ta hanyar ƙin karɓar maɓalli na uku idan ya ga haɗari, shi ya sa wasu haɗe-haɗen maɓallai ba su aiki a irinsa. Mai haɗa kibod da hannu yana liƙa wa kowane makunni diyod guda, galibi 1N4148, wanda ba ya barin wuta ta koma baya, sai a iya danne maɓallai ko nawa a lokaci ɗaya. Matsala ta biyu ita ce karkarwa. Ƙarfe biyun da ke cikin makunni ba su haɗuwa tsaf a bugu ɗaya, suna haɗuwa su rabu sau da yawa cikin 'yan milisakan, wato kashi-kashi na dubu na daƙiƙa. Aisin yana da saurin ganin kowace haɗuwa, kuma in ba a hana shi ba zai rubuta harafi biyu ko uku a danna ɗaya. Maganin shi ne manhaja ta jira siginar ta natsu, galibi milisakan 5, kafin ta yarda.

Maikurokwantirola ta bayyana a tsakiyar shekarun 1970. Texas Instruments ya fara sayar da TMS1000 a 1974, Intel ya fitar da 8048 a 1976, mai ma'adanar dindindin ta kilobayit 1 da ma'adanar aiki ta bayit 64. Wannan 8048 ɗin ne IBM ya saka cikin kibod mai maɓallai 83 na kwamfutarsa ta PC da ta fito a Agustan 1981, tare da wata shawara wadda babu wadda ta kai ta nauyi a duk wannan tarihi. Kibod ɗin IBM ya daina aika haruffa, sai lambar gurbin maɓalli. Idan aka danna maɓallin da aka rubuta A a kansa, lamba 30 ce ke tafiya, idan aka sake shi sai 158, wato 30 a tara da 128. Kwamfuta ce ke fassara 30 zuwa harafi. Da wannan aka raba maɓalli da ma'anarsa, aka kuma ba kwamfuta damar sanin tsawon lokacin da maɓalli ya yi a danne. Kibod iri ɗaya ya zama yana iya rubuta Ingilishi ko Faransanci ko Larabci, in dai an sauya jadawalin fassara a kwamfuta da rubutun da ke kan maɓallan.

A 1984, da PC/AT ta fito, IBM ya sauya lambobin, ya kuma sa zancen ya zama na kai da komowa, ta yadda kwamfuta za ta iya umartar kibod ya kunna fitilar Caps Lock. Don kada tsofaffin manhajoji su rikice, aka ɗora wani aisi, Intel 8042, a kan allon kwamfutar, yana mayar da sababbin lambobi zuwa na da. Da yake 8042 yana da ƙafafun da ba su da aiki, injiniyoyin suka jingina masa wasu ayyukan da ba ruwansu da rubutu, har da sake tayar da babbar kwamfutar da kuma buɗe layin adireshi na A20, abin da masu rubuta babbar manhaja suka yi ta fama da shi shekara da shekaru. Model M mai maɓallai 101 ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1980, shi ne ya kafa fasalin da yawancin kibod ke bi a yau, soket ɗin PS/2 kuma ya zo a 1987.

USB ta fito a 1996, ta kuma zo da ƙa'idar HID da ta shafi kibod da linzamin kwamfuta da makamantansu. A ƙarƙashinta kibod ba ya magana sai kwamfuta ta tambaye shi, a wasu duk milisakan 8, a masu sauri duk milisakan 1. Amsar da yake bayarwa a tsari mafi sauƙi bayit 8 ce. Bayit na farko yana ɗauke da maɓallan taimako takwas, wato Ctrl da Shift da Alt da maɓallin Windows, na hagu da na dama. Na biyu an bar shi fanko. Sauran shida lambobin maɓallan da ke danne ne a wannan lokaci, shi ya sa kibod ɗin USB da yawa ba su wuce maɓallai shida a tare. An sake raba lambobi: A ta zama 4, B ta zama 5, haka har Z a 29. Amma ƙa'idar IBM tana nan, gurbi ake aikawa. Maɓallin farko na layin haruffa na sama yana aika 20 a kowane kibod. Kwamfutar da aka saita kan QWERTY a Kano za ta rubuta Q, wadda aka saita kan AZERTY na Faransa, kamar yadda ake yawan samu a Yamai ko Maraɗi, za ta rubuta A.

Duk tsawon wannan lokaci manhajar kibod a kulle take, kuma dalilin na ƙira ne. Ma'adanar 8048 a masana'anta ake zana ta tare da aisin kansa, ba ta gogewa. Akwai samfurin 8748 mai 'yar taga a bayansa da ake gogewa da hasken ultrabayolet, amma yana da tsada, injiniyoyi ne ke gwaji da shi. Abubuwa uku ne suka buɗe ƙofar. Na farko ma'adanar filash, wadda ake gogewa a sake rubutawa da lantarki sau dubbai. Wasu 'yan Norway biyu da suka yi karatu a Trondheim, Alf-Egil Bogen da Vegard Wollan, suka tsara aisin AVR, kamfanin Atmel ya fara sayar da shi a 1997 da filash a cikinsa. Na biyu manhajar harhaɗawa ta kyauta, avr-gcc, wadda ke mayar da rubutun yaren C zuwa abin da aisin ke fahimta, sai kuma Arduino da aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005, wadda ta koya wa dubban mutanen da ba injiniyoyi ba yadda ake sarrafa AVR. Na uku aisi mai USB a jikinsa. ATmega32U4 yana da filash na kilobayit 32, ma'adanar aiki ta kilobayit 2.5, yana gudu a megahaz 16, kuma yana magana da kwamfuta kai tsaye ba tare da wani aisi a tsakani ba. Paul Stoffregen na kamfanin PJRC ya ɗora shi kan ɗan allo mai suna Teensy 2.0, SparkFun ya yi Pro Micro, wani ɗan Ostareliya mai suna Dean Camera kuma ya rubuta LUFA, tarin manhajar da ke ɗauke wa mai shiri wahalar ƙa'idojin USB.

Masu buƙata suna nan suna jira. A shekarun 1990 kamfanoni sun koma yin kibod mai roba a ƙarƙashin maɓalli saboda arha, waɗanda kuma suka saba da tsofaffin kibod masu sifirin suka riƙa neman su a kasuwar kwance. Makunnin Cherry MX, wanda aka fara yi a Jamus a shekarun 1980, bai daina fitowa ba, kuma ana iya sayensa ɗaiɗai. A Japan Farfesa Eiiti Wada ya haɗa kai da kamfanin PFU suka fitar da Happy Hacking Keyboard a 1996, mai maɓallai 60 kawai, inda ake samun sauran ta hanyar danne maɓallin Fn. A Koriya ta Kudu, a ƙarshen shekarun 2000, masu sha'awa suka fara yin karo-karo suna ba da odar gidan kibod na alminiyam 'yan ƙalilan. Irin wannan karo-karo ya bazu zuwa Amurka da Turai ta dandalin Geekhack da Deskthority.

Manhajar da ta zama uwa ga yawancin na yau ita ce TMK, wadda wani ɗan Japan mai suna Jun Wako, wanda aka fi sani da Hasu, ya fara a 2010. Ya yi allon da ke maye gurbin aisin Happy Hacking Keyboard don a iya sake tsara maɓallansa, ya kuma yi kwanbatoci da ke sa tsofaffin kibod na Apple da Sun da NeXT da IBM su yi aiki ta USB. A TMK aka tara dabarun da suka zama gama-gari: hawa-hawa masu yawa, maɓalli mai aiki biyu, da motsa linzami da maɓallai. Ya saki rubutun tushenta a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa izinin karantawa da gyarawa da rarrabawa, bisa sharaɗin duk wanda ya rarraba gyararriyar manhaja ya saki nasa rubutun shi ma. A daidai wannan lokaci wani mai laƙabin Soarer ya yi kwanbata mai inganci ƙwarai don tsofaffin kibod na IBM, mutane da yawa sun amfana da ita, amma bai saki rubutun tushenta ba. Da aka daina jin ɗuriyarsa sai aikin ya tsaya inda ya bar shi. TMK kuwa ta haifi 'ya'ya, kuma bambancin na lasisi ne, ba na gwaninta ba.

Ɗaya daga cikin kibod na farko da suka nuna wa jama'a abin da wannan 'yanci zai iya yi shi ne ErgoDox, wanda Dominic Beauchamp ya tsara, Ben Blazak ya rubuta masa manhajarsa ta farko. Rabi biyu ne, ɗaya ga kowane hannu, da maɓallai 76. Teensy yana rabin dama, rabin hagu yana da aisin ƙarin ƙafafu mai suna MCP23018, waya irin ta abin sauraren kunne ce ke haɗa su. Sai Planck na Jack Humbert, mai layi 4 da ginshiƙi 12 a miƙe, maɓallai 47 ko 48, babu layin alƙaluma ko kaɗan. Kibod irin wannan ba shi da amfani sai da manhaja mai wayo, don haka a 2015 Humbert ya tsago reshe daga TMK ya raɗa masa suna QMK. Erez Zukerman, wanda ya mayar da ErgoDox haja ta kasuwa da sunan ErgoDox EZ, ya shigo da nasa aikin cikinta, masu ba da gudummawa suka yi ta ƙaruwa, har ta kai ga ɗauke da bayanan dubban kibod daban-daban.

Aikin mai tsara kibod a QMK yana da matakai sanannu. Zai bayyana wa manhaja ƙafafun aisin da wayoyin kwance da na tsaye ke kai, da inda diyod ke fuskanta. Sai ya rubuta taswirar maɓallai a fayil mai suna keymap.c, inda kowane gurbi ke samun suna: KC_A ga harafin A, MO(1) ga maɓallin da ke kai mutum hawa na 1 muddin yana danne. Manhajar harhaɗawa ta mayar da wannan duka fayil guda. Kafin a zuba fayil ɗin sai an tayar da butloda, wata 'yar manhaja da ke zaune a gefe guda na filash wadda ba ta da aiki sai karɓar sabuwar manhaja. A Pro Micro ana haɗa ƙafar RST da ta GND sau biyu da sauri, butloda ta buɗe na daƙiƙa 8, in ba a yi filashin cikin wannan lokaci ba a sake. Butlodar tana cin kilobayit 4, saura 28. Shekaru da dama babban abin da ke cin lokacin masu wannan aiki shi ne cusa abin da suke so cikin wannan 28 ɗin: a kashe linzamin maɓallai don fitilu masu launi su samu wuri, a rage fitilun don ɗan allon nuni ya shiga.

Tsarin hawa-hawa shi ne abin da ya fi bambanta wannan manhaja da ta kamfani. QMK tana iya riƙe hawa har 32. Idan aka danna maɓalli, tana fara dubawa daga hawa mafi sama cikin waɗanda ke kunne. In gurbin a wannan hawa an bar shi a buɗe, da alamar KC_TRNS, sai ta sauka na ƙasa, har ta samu abin da aka rubuta. A Planck maɓallai biyu da ke gefen sandar tazara, Lower da Raise, su ne ke fito da alƙaluma da alamomi a ƙarƙashin yatsun da ba su bar wurinsu ba.

Maɓalli mai aiki biyu ya fi wannan wuya, kuma a nan ne sana'ar ta fi nuna zurfinta. Ana iya tsara maɓalli ya rubuta F idan an taɓa shi an saki, ya zama Shift idan an riƙe shi. Matsalar ita ce a lokacin da yatsa ya sauka manhaja ba ta san nufin mai rubutu ba, dole ta jira. QMK tana jiran milisakan 200 in ba a sauya mata ba. Amma mai saurin rubutu ba ya sakin maɓalli kafin ya danna na gaba, yatsunsa suna hawa kan juna. In ya danna F, ya danna A, sannan ya saki F, shin "fa" yake nufi ko babban A? Idan lokacin jira ya yi gajarta manyan baƙaƙe suna faɗowa tsakiyar kalma, idan ya yi tsawo Shift yana makara. An ƙirƙiro ƙa'idoji da yawa don warware wannan, wasu suna duba wane maɓalli aka fara saki, wasu suna duba ko maɓallan biyu na hannu ɗaya ne, wasu suna duba ko mutum yana tsakiyar rubutu da sauri. Babu saitin da ya dace da kowa, domin abin da ake aunawa ɗabi'ar yatsun mutum ɗaya ce. Wannan ne hujja mafi ƙarfi ta barin manhajar a hannun mai kibod, tun da ba kamfanin da zai iya auna wannan a madadinsa.

Akwai iyakar da manhajar ciki ba ta iya tsallakewa, kuma masu rubuta Hausa suna cin karo da ita. Ƙa'idar HID ba ta da lamba ga ƙ ko ɓ ko ɗ, ko ƴ da ake amfani da ita a Nijar, tun da gurabe take aikawa. A Unicode kowannensu yana da lambarsa: ƙ ita ce 0199, ɓ 0253, ɗ 0257, ƴ 01B4. Abin da QMK ke yi shi ne ta buga lambar da sauri a madadin mutum, ta hanyar da babbar manhajar kwamfutar ta tanada. A Linux tana danna Ctrl da Shift da U sannan lambar, a kwamfutar Apple sai an zaɓi shigarwar Unicode Hex Input, a Windows galibi sai an saka ƙarin manhaja irin WinCompose. Dole kibod ya san irin kwamfutar da aka jona shi, in aka kai shi wata ba a sauya saiti ba sai alƙaluma su zube a takarda maimakon harafi. Hanya mafi sauƙi ita ce a saita kwamfutar kan jadawalin Hausa, a bar kibod ya aika gurbin da jadawalin ke jira.

Da masu saye suka yi yawa, rubuta C ya zama shinge. QMK Configurator ya ba da damar jera maɓallai a shafin intanet a sauko da fayil a shirye. VIA ta wuce nan: tana ajiye taswirar a 'yar ma'adanar EEPROM ta aisin, ta yadda ake sauya maɓalli nan take ba tare da filashin ba, Vial kuma ta bi sawunta. Wannan ya jawo manyan masu ƙera kibod, musamman a Sin, inda kamfanoni irin su Gateron da Kailh ke yin makunnai masu shiga gurbin Cherry MX. Ya kuma jawo rigima, domin wasu masu sayarwa suna ɗora QMK a hajarsu ba tare da sakin rubutun tushe ba, abin da ya saɓa wa GPL, kuma masu kula da QMK suna ƙin karɓar kibod irin waɗannan cikin rumbunsu.

Ƙuncin kilobayit 28 ya kau da shigowar aisin ARM. QMK ta fara aiki da dangin STM32 ta hanyar manhajar ChibiOS, sannan a Janairun 2021 Raspberry Pi ya fitar da RP2040 a kan allon Pico na dala 4, mai ma'adanar aiki ta kilobayit 264, ninki fiye da ɗari na ATmega32U4, da filash na megabayit 2. Filashin kansa ya sauƙaƙa, domin allon yana bayyana a kwamfuta kamar ma'ajiyar fayil, a jefa masa fayil kawai. Wurin ya wadata har KMK, wadda aka rubuta da yaren Python, ta samu inda za ta zauna.

Kibod marar waya ya buƙaci sabon farawa. Aisin da ya fi dacewa da Bluetooth mai cin wuta kaɗan shi ne nRF52840 na Nordic Semiconductor, shi ma kamfanin Trondheim ne, amma sharuɗɗan manhajar Bluetooth ta kamfanin ba su jituwa da GPL na QMK. A 2020 Pete Johanson ya fara ZMK a kan manhajar Zephyr, da lasisin MIT. Tunaninta dabam ne tun daga tushe. Kibod mai waya yana iya zagaya ragarsa ba hutu, mai batir kuwa dole ya yi barci, danna maɓalli ce ke tayar da shi. A kibod mai rabi biyu, ɗaya yana zama shugaba, yana karɓar rahoton ɗayan ta iska yana kuma magana da kwamfuta, shi ya sa batirinsa ke riga ƙarewa. Ƙananan kibod irin Corne mai maɓallai 42, wanda wani ɗan Japan ya tsara, sun samu karɓuwa sosai ta wannan hanya.

Sauyi na baya-bayan nan ya taɓa makunnin kansa. Kamfanin Micro Switch ya yi kibod mai maganaɗisu tun ƙarshen shekarun 1960, kuma dabarar ta dawo ta hannun kamfanoni irin su Wooting na Holan. A irin wannan makunni babu ƙarfen da ke haɗuwa, akwai maganaɗisu a jikin maɓalli da na'urar auna ƙarfinsa a ƙasa. Manhaja ba ta tambayar ko an danna, tana auna zurfin da maɓalli ya sauka cikin milimita 4 na tafiyarsa. Karkarwa ta kau, amma aka samu sabon aiki na daidaita kowane makunni da tace siginar da ke rawa. Mai kibod yana iya zaɓar zurfin da zai zama danna, yana kuma iya sa maɓalli ya saki da zarar ya fara ɗagowa. Masu wasannin kwamfuta ne suka fi rungumar wannan, kuma yawancin manhajojin irin waɗannan kibod na kamfani ne, a rufe. A 2024 kamfanin Razer ya fitar da Snap Tap, inda manhajar ciki ke sakin maɓallin tafiya hagu da kanta da zarar an danna na dama, abin da ɗan wasa ke shafe watanni yana koyon yi da yatsunsa. A watan Agusta na wannan shekarar kamfanin Valve ya haramta amfani da irin wannan dabara a wasan Counter-Strike 2 a kan sabobinsa.